Na ɗaura wa motata gajerun sifirin, yanzu ta ƙi zama daidai

MaiGolf:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu sanin ƙafar mota ku taimaka min da shawara. Golf 4 gare ni mai injin fetur 1.6. Na daɗe ina son in ga ta ɗan duƙa, domin ratar da ke tsakanin taya da madigadi ta yi min yawa, kuma tana kwanciya sosai idan na shiga kwana. Sai na sayi gajerun sifirin guda huɗu, a jikin kwalin an rubuta za su sauke ta milimita 40, na kai aka ɗaura. Shokazoba ban taɓa su ba, na asali ne.

Ga abin da nake gani tun daga lokacin. Baya ya sauka sosai, gaba kuwa da ƙyar ya motsa, sai hancin motar ya ɗaga sama. A gaban ma, ɓangaren direba ya fi ɗayan tsayi. Idan na murɗa sitiyari a tsaye sai in ji "ƙwas" daga gaba. A kan hanya kuma in ta taka tudu sai ta yi ta lilo kafin ta natsu. Wanda ya ɗaura ya ce in yi haƙuri, sifirin sabo ne, zai zauna da kansa. Haka ne, ko akwai abin da ya lalace?

Baba Makanike:
Wa alaikumus salam. Ɗana, maganar "zai zauna" akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma ba ta kai inda ya kai ta ba. Sabon sifirin yakan ɗan ƙara sauka bayan an yi tafiya, saboda robobin da yake zaune a kansu suna lotsawa, kowane abu yana samun mazauninsa. Amma 'yan milimita ne kawai, ba abin da zai miƙe motar da ta karkace ba. Ƙarar da kake ji a sitiyari kuwa babu ruwanta da sabunta.

Kafin komai, ka auna. Ka tsaya a shimfiɗaɗɗen wuri, babu kaya a but, iskar tayoyi daidai. Kada ka auna daga ƙasa, domin taya na iya yi maka ƙarya. Daga tsakiyar wili zuwa leɓen madigadi za ka auna, duka ƙafa huɗu. Sannan ka leƙa jikin sifirin, akwai lamba da aka buga a kan kowanne, ka nemo su ka duba wace mota aka yi su dominta.

Sarkin Kwana:
Ni dai a kan shokazoba irin na asali na ɗaura nawa kuma lafiya lau nake yawo. Na san yanzu za a fara cewa sai ya sayi sababbin shokazoba. Ba dole ba ne. Kamfanonin da ke yin sifirin ɗin da kansu suna cewa ana iya amfani da su a kan na asali.

Injiniya:
Sarkin Kwana, milimita nawa ka sauke taka, kuma shokazobanka sun yi tafiyar kilomita nawa kafin lokacin? A nan gizo ke saƙar. Gaskiya ne wasu kamfanonin suna cewa haka game da sifirin masu sauƙin saukarwa, na milimita 25 zuwa 30, amma da sharaɗin shokazoban suna da lafiya. Golf 4 an fara yin ta a 1997. In har na asalin ne a jikin motar ɗan'uwanmu, to sun ci zamaninsu tun kafin gajeren sifirin ya zo.

Bari in ɗan yi bayani, domin mutane da yawa suna ɗaukar sifirin a matsayin abin da ke riƙe tsayin mota kawai. Aikin sifirin shi ne ya karɓi duka ya ajiye, sannan ya mayar. Shi ba ya cinye ƙarfin dukan. Shokazoba ne ke cinyewa, ta hanyar tura mai ta ƙananan ƙofofi a cikinsa, ƙarfin ya koma zafi. An auna waɗannan ƙofofin ne daidai da taurin sifirin na asali. Gajeren sifirin dole ya fi na asali tauri, in ba haka ba motar za ta riƙa kaiwa ƙasa a kowane rami. To ga sifirin mai ƙarfi yana turo motar sama da zafi, ga shokazoban da aka yi domin mai laushi, kuma ya tsufa. Ba zai iya riƙe shi ba. Wannan shi ne lilon da MaiGolf ke ji.

Na biyu, kuma shi ya fi damuna, tazarar motsi. A kan sandar shokazoba akwai wata roba mai kauri da ke tare shi kafin ƙarfe ya bugi ƙarfe. A ce, misali kawai, a tsayin asali taya na da milimita 60 da za ta iya hawa kafin ta taɓa wannan robar. Ka sauke motar milimita 40, saura 20. Mutum biyu su shiga, ragowar ta tafi. Daga nan ba a kan sifirin kake tafiya ba, a kan wannan robar kake. Shi ya sa wasu motocin da aka sauke suke da tauri da tsalle a lokaci guda, mai motar ya ɗauka haka motar tsere take. Ba haka take ba. Tayar da ke tsalle ba ta riƙe hanya, kuma birki ba ya aiki a kan tayar da ke sama.

Sarkin Kwana:
Tawa 30 ce, kuma shokazoban ba su daɗe da canjawa ba lokacin. Na yarda akwai bambanci. Amma har yanzu ina nan a kan bakana, kada a sa shi ya kashe kuɗi kafin a gano ainihin matsalar. Shokazoba ba ya sa mota ta karkace gefe ɗaya.

Injiniya:
A wannan kana da gaskiya. Karkacewar daban, lilon daban.

MaiGolf:
Na gode ƙwarai. Baba, na auna kamar yadda ka ce. Baya hagu da dama sun zo ɗaya. A gaba, hagu ya fi dama da milimita 14. Na kuma auna wata Golf 4 da ba a taɓa ba don in kwatanta: bayana ya sauka kusan 40 ɗin da aka ce, gaba kuwa bai wuce 15 ba. Lambar da ke jikin na gaba na bincika, sai na ga an lissafa ta ƙarƙashin masu injin dizal. Wannan yana da wani tasiri ne? Ai jikin motar ɗaya ne.

Baba Makanike:
Jiki ɗaya ne, nauyi ba ɗaya ba. Injin dizal ya fi naka nauyi sosai, kuma duk nauyin a kan ƙafafun gaba yake. An yi wannan sifirin ne domin ya sauka milimita 40 idan aka ɗora masa wancan nauyin. Kai ka ɗora masa ƙaramin inji, sai ya tsaya a sama abinsa. Ko shekara za ka yi kana jira ba zai sauko ba. Shi ya sa mota ɗaya za ka tarar tana da lambar sifirin kala-kala, gwargwadon inji, da giya, da ko mai dogon baya ce. Masu yin abin da kyau har nauyin da kowane aksil zai iya ɗauka suke rubutawa a takardar.

Amma wannan bai bayyana bambancin hagu da dama ba. Milimita kaɗan ba komai ba ne, ko a motar da ba a taɓa ba ana samu. 14 ya yi yawa. Abu biyu nake zargi.

Na farko, mazaunin sifirin. Farantin da yake zama a kai ba a shafe yake ba, yana da gangare da ɗan tudu inda ƙarshen ƙarfen ya kamata ya tokare. In mai ɗaurawa ya saki abin da ake matse sifirin da shi ba tare da ya juya sifirin ya kai wannan wurin ba, ƙarshen zai hau kan tudun, wannan ƙafar ta fi ɗayar tsayi. Kuma duk lokacin da ka murɗa sitiyari, a irin ƙafar gaban motarka shokazoba da sifirin tare suke juyawa. Sifirin da bai zauna ba zai riƙa murɗewa yana sakewa, shi ne "ƙwas" ɗin. Wani lokacin kuma borin da ke saman shokazoban, wanda ƙafar ke juyawa a kansa, shi ne ya mutu ko aka matse shi ba daidai ba, sai ya ƙi juyawa, sifirin ya ɗauki murɗar. Tunda za a buɗe, a duba shi.

Na biyu shi ne wanda yara da yawa ba su sani ba, kuma yana ci min rai. Bushin na lowa am, wato ƙarfen ƙasa da ke haɗa ƙafar taya da jikin mota, roba ce da aka manne tsakanin ƙarfe biyu. Ba ya juyawa a kan noti, robar ce ke murɗewa. In aka ƙulle notinsa motar tana sama a kan jak, ƙafafu na lilo, to an kulle shi ne a matsayin da taya ta sauka can ƙasa. Da an sauke motar sai robar ta murɗe kamar tsumman da ake matse ruwansa, ta zauna a haka dare da rana. Tana riƙe motar sama kaɗan, kuma ba da daɗewa ba za ta yage. A motar da aka sauke abin ya fi muni, domin nisan murɗewar ya ƙaru. Ko bushin ɗin da ba a kwance ba ma, an ɗaure shi ne a tsohon tsayi. Ƙa'ida ita ce a sassauta su, a sauke motar nauyinta ya hau tayoyi, a ɗan girgiza ta, sannan a ƙulle. Har da na aksil ɗin baya.

Ɗan Sauri:
Duk wannan dogon bayani. Oga, ka sa a yanke zagaye ɗaya a na gaba, ko a ɗan hura musu wutar walda su zauna. An daɗe ana yi.

Baba Makanike:
A'a, ɗana. Wuta kam kada ma a fara. Ƙarfen sifirin an gasa shi an sanyaya shi bisa ƙa'ida kafin ya samu wannan ƙarfin na komawa yadda yake. Ka sa masa wutar walda, ka kashe wannan gashin a daidai wurin. Zai ci gaba da lotsawa ba tare da ka san inda zai tsaya ba, hagu da dama ba za su taɓa zuwa ɗaya ba, kuma wata rana zai karye. In ya karye kana gudu, tsinin ƙarfen yana dab da taya.

Injiniya:
Yankan ma ba kyauta ba ne. Taurin sifirin yana ƙaruwa ne idan zagayen da ke aiki suka ragu. Mai zagaye 6 ka mayar da shi 5, ya ƙara tauri da kashi 20 cikin 100. Shi wanda dama ya yi wa motar tauri tunda na dizal ne, sai a ƙara masa? Sannan ƙarshen sifirin an siffanta shi ne don ya dace da mazauninsa, ka yanke, siffar ta tafi. Ga kuma haɗarin da ba a gani: in ya gajarce da yawa, lokacin da taya ta sauka gaba ɗaya, kamar in ka haye tudu da gudu, sifirin zai saki ya yi lako-lako, yana iya fita daga mazauninsa.

Wannan gwaji ne da ya kamata duk wanda ya sa gajeren sifirin ya yi. Ka ɗaga motar tayoyi su yi lilo, ka kama sifirin da hannu ka girgiza. In ya motsa, akwai matsala. Dalilin da ya sa ake yin shokazoba masu gajeren jiki ke nan. Bilstein, alal misali, suna da B6 domin tsayin asali, da B8 wanda aka gajarta domin motar da aka sauke. Ba talla nake yi ba, wasu kamfanonin ma suna da irinsu, ina nuna cewa masu yin kayan da kansu sun san tsayi ɗaya ba ya yi wa duka biyun.

Ɗan Sauri:
To na ji. Amma na ga waɗanda suka yanke kuma suna nan suna tafiya.

Injiniya:
Suna tafiya, i. Ranar da za su taka birkin gaggawa a cikin kwana, a kan hanya mai gargada, ita ce ranar da ake tambayar aikin, kuma ba su kaɗai ke kan hanyar ba.

Mai Alaimen:
Ban ji an tambaye shi ba: Malam MaiGolf, an yi alaimen, wato saitin tayoyi a kan na'ura, bayan an ɗaura?

MaiGolf:
Ba a yi ba. Ya ce tunda bai taɓa tayarod ba, wato sandar da ke haɗa sitiyari da taya, babu buƙata.

Mai Alaimen:
Akwai buƙata, babba ma. Ba sai an taɓa tayarod ba. Lowa am da tayarod kowanne a lanƙwashe kamar baka yake tafiya idan taya ta hau ko ta sauka, kuma lanƙwasar ba ɗaya ba ce. Da ka canja tsayin mota, saitin ya canja da kansa. Saman tayoyi zai ɗan kwanto ciki, wannan kowa na iya gani da ido, shi ya sa ake ɗora masa laifin cin taya. Amma wanda ya fi cin taya shi ne wanda ba a gani: tayoyin gaba su daina kallon gaba sak, su ɗan buɗe ko su ɗan tsuke. Ka lissafa: tayar da ta kauce da digiri 1 kacal, a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice kusan mita 17. Haɗa wannan da kwanciyar da ta yi ciki, sai ka ga gefen ciki ya cinye har waya alhali waje sabo ful. Ka shafa hannu a gefen ciki na tayoyin gabanka yanzu, in ka ji kaifi-kaifi ta gefe ɗaya, an fara.

Shawarata, kada ka yi alaimen yanzu, asarar kuɗi ce tunda za a sake buɗewa. A gama gyara, ka ɗan yi tafiya komai ya zauna, sannan ka kawo ta kan na'ura. Kuma ka sani tun yanzu, a motoci da yawa masu irin wannan ƙafar, kwanciyar taya ba ta da wurin saiti sosai daga kamfani. In saukarwar ta yi yawa, mai alaimen ba shi da abin da zai murɗa sai an sayo wasu kayan.

Direban Dare:
Ni tambayata, me ya kai mutum? Injiniyoyin da suka ƙera motar sun fi mu sani. Ka mayar da na asali ka huta. Ƙasan inji, salansa, bamba, duk ka ƙara kusantar da su ga ƙasa. Dutse ɗaya ya fasa maka tukunyar baƙin mai, in ba ka lura da fitilar gargaɗin mai ba inji ya tafi.

Sarkin Kwana:
Kowa da abin da yake so a motarsa, Malam. Kuma motar da aka sauke da kyau ta fi daɗin riƙewa a kwana, wannan ba a musu.

Injiniya:
Ana ɗan musu. Saukar da nauyi ƙasa yana taimakawa, taurin sifirin yana rage kwanciya, duk gaskiya ne. Amma a ƙafa irin ta MacPherson, mai sifirin da shokazoba a haɗe, wadda ke gaban Golf da yawancin ƙananan motoci, akwai iyaka. A tsayin asali lowa am yana ɗan gangarowa daga jikin mota zuwa taya, ko ya kwanta a miƙe. In ka sauke har ya koma yana hawa sama ta wajen taya, wurin da jikin motar ke juyawa a kansa ya faɗi ƙasa fiye da yadda nauyin ya sauka, sai motar ta ƙara samun dalilin kwanciya, taurin sifirin ne kawai ke ɓoye abin. Tayarod ma ya karkace, sai ka ji sitiyari na fizga da kansa idan taya ɗaya ta taka tudu. A ganina, ga motar hawa ta yau da kullum, 25 zuwa 30 da shokazoba masu dacewa ya fi 50 a kan tsofaffi nesa ba kusa ba. Direban Dare kuma bai faɗi ƙarya ba game da ƙasan inji.

MaiGolf:
Ga inda aka kwana. An buɗe gaba a wani garejin ina tsaye. Na hagu bai zauna a mazauninsa ba, kamar yadda Baba ya faɗa, har ya goge fentin farantin. Borin sama ma ya yi tsatsa yana cijewa. Shokazoban dama kuma yana zubar da mai, kuma a jikin sandarsa akwai sawun haƙoran filaya. Na tsayar da shawara: zan nemo na gaba masu lambar injina, da shokazoba huɗu masu gajeren jiki, da sababbin robobi da bori. Kafin su iso an mayar min da na asali. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Baba Makanike:
Amin, ɗana. Wannan sawun filayar shi ya kashe shokazoban. Sandar santsi gare ta domin ta wuce ta cikin sil, wato robar da ke tare mai, ba tare da mai ya fita ba, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta yanka sil ɗin. A samanta akwai ramin ƙaramin makulli mai kusurwa shida, da shi ake riƙe ta a kwance noti. Kada kuma a bari a sa mata bindigar iska tana juya sandar. Ka ce musu wasu notocin ƙafar irin motarka sau ɗaya ake ɗaure su, in an kwance sai sabo. Kuma ranar da za a matse sifirin, da abin matsewa na gaske za a yi, ba da igiya ko waya ba, kada kowa ya tsaya a saitinsa.

Mai 206:
Sannunku da ƙoƙari, na ƙaru sosai. Don Allah Baba, ni Peugeot 206 gare ni, ƙanena yana ta matsa min in sauke ta. Da na duba sai na ga sifirin biyu kawai ake sayarwa a kwalin. An rage ne, ko yaya?

Baba Makanike:
Ba a rage ba, 'yata. Bayan 206 ba shi da sifirin mai zagaye. Sandunan ƙarfe ne a kwance a cikin aksil, murɗewarsu ce ke ɗauke da motar. In ana son sauke baya, sai an zare sandunan an mayar da su a kan wasu haƙoran daban, aiki ne na wanda ya san shi, domin in an kuskure gefe ɗaya zai fi ɗaya, kuma a tsohuwar mota sukan cije da tsatsa. In aka sa na gaba kawai, hanci zai duƙa baya na sama.

Akwai kuma abin da za ki sa a duba kafin a taɓa bayan. Wasu motocin, musamman tsofaffi marasa ABS (na'urar da ke hana tayoyi kamewa idan an taka birki), suna da wani bawul a baya da ke auna nauyin kaya ta hanyar duƙawar motar. In ya ga baya ya duƙa, sai ya ƙara wa tayoyin baya ƙarfin birki, domin a zatonsa an yi lodi. Ki sauke motar ba a sake saita shi ba, zai riƙa ba su birkin motar da ke cike alhali ke kaɗai ce a ciki, tayoyin baya su riga na gaba kamewa, motar ta juya da ke. In taki na da shi, saitinsa yana cikin aikin. Fitilun gaba ma a sake saita su bayan an gama, domin duk canjin da aka yi tsakanin tsayin gaba da baya, haskensu zai bi shi.